Baƙaƙen Duwatsu da Ƙafar Tela

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma teku ya lafa muku. Mu nan lafiya. Tarin Goggo ya yi sauƙi. Baffa kuwa yana nan yadda kika sani, sukarin yau ya hau, gobe ya sauka, keken ɗinkin kuma har yanzu a rufe yake, domin ya ce ba ya jin matakinsa a ƙarƙashin ƙafa.

Kin nemi in je in ga yadda ake amfani da duwatsun tausar da kika aiko wa mahaifinki, in rubuto miki abin da na gani. Ga shi, ba ƙari ba ragi.

Ranar Asabar da hantsi na isa gida. Na tarar Goggo ta shimfiɗa wa Baffa katifa a ɗakin ɗinki, tsakanin keke da teburin yanka. Tukunyar lantarkin da ta zo tare da duwatsun tana cikin kwalinta, saboda bakin wayarta bai shiga soket ɗin gidan ba. Goggo ta zuba su a tukunyar girki, ta cika ruwa, ta ɗora a kan gas. Da ruwan ya fara tsuwa sai ta kashe, ta tsamo ɗaya da ludayi, ta goge da tawul, ta jujjuya shi a tafin hannunta, ta ce ya yi daidai. Ta shafa masa mai, ta bi gefen ƙashin bayansa da manyan, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Ta ce, "Tela, da zafi?"

Ya ce, "Ke tsohuwa, kaza kika samu? Jira ya huce."

Ta jira. Da ta gama da baya sai ta koma ƙafa. Ta jingina matsakaitan a tafin ƙafarsa, ta saƙala ƙananan a tsakanin yatsu, kamar yadda hoton takardar kwalin ya nuna. Ta sake tambayarsa.

Ya ce, "Kin ɗora ne ma?"

"Na ɗora mana."

"To ƙara wuta. Wannan ai sanyi ƙalau."

Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan, daga tukunyar guda, ban iya riƙe shi ba. Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce hannun da bai san komai ba sai alli ai ko shayi sai ya ƙone shi.

Yanzu tambayoyinki. Dutsen na gaske ne. Baƙin dutse ne irin wanda dutse mai aman wuta ke haifarwa idan narkakken cikinsa ya fito ya daskare, santsinsa kuma aikin ruwa ne. Yana da nauyi, yana riƙe zafi ya daɗe bai sake shi ba. Wannan fannina ne, na tsaya a kansa. Batun asali kuwa, takardar kwalin ta ce maganin dubban shekaru ne. Abin da zan iya cewa shi ne mutane a wurare da yawa sun daɗe suna gasa dutse su ɗora inda ke ciwo, ba wata al'umma ɗaya da za ta ce nata ne. Tsarin da ke cikin hoton, da tukunyar lantarki da jerin duwatsu, bai daɗe ba. Amfani kuma, ɗumi yana sassauta naman jiki da ya ɗaure. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya yi barci kafin azahar, abin da Goggo ta ce ya daɗe bai yi ba.

Ina da wata 'yar tambaya game da ƙafafun, amma ni ba likita ba ne, ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Zan riƙe ta sai ranar asibitinsa.

Ƙaninki.

*

Farfesa,

Wa'alaikumus salam. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na tsayuwa a ɗakin wanki. Tawul ɗin masu hutun da ke jirgin ruwan nan ba ya ƙarewa, kai ka ce haihuwa yake yi a kwando.

Wasiƙarka ta same ni da muka tsaya a tasha. A tsaye na karanta, a kan matakala, ban san lokacin da na yi tsalle ba. Baba ya yi barci! Kuma mai ilimin duwatsu na jami'a da kansa ya sa hannu cewa kayana na gaske ne. Kai da ko an tambaye ka ƙarfe nawa sai ka ce bari ka bincika. In kai ka ce abu na gaske ne, ai magana ta ƙare.

Ka san ni nake kai tawul ɗakin tausa na jirgin nan. Ina gani da idona: tsoho zai shiga yana jan ƙafa, ya fito yana neman wurin rawa. Sun ce yana buɗe hanyar jini, yana kore gajiya, yana kawo barci. Tun ran da na fara gani na ce wallahi sai Babana ya ɗanɗana abin da waɗannan mutanen suke ji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe a kan keke don mu yi karatu, ni da kai, ko da yake ni karatun bai karɓe ni ba.

Na samu waya a tashar na kira Goggo. Baba ka san shi a waya, "lafiya lau, lafiya lau," ya miƙa mata. Na gaya mata Farfesa ya duba ya ce dutsen yana riƙe zafi sosai, don haka ta riƙa yi safe da yamma, kuma ta fi ba ƙafafun ƙarfi. Ai su ne suka yi sanyi, su suka raba shi da keken. Ba ka ji ya ce a ƙara wuta ba? Jiki ne ke neman abinsa. In jinin ya buɗe, kafin in dawo sai ya ɗinka mini riga da ƙafarsa.

Tambayarka kuma, riƙe abarka. Kai ko aljanna aka kai ka sai ka ce kana da 'yar tambaya.

Ka gaida Goggo, ka ce ta daina shan ruwan sanyi.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah Ya sawwaƙe ciwon bayan. Nan jikin kowa da sauƙi. Na gwada lambarki sau da dama ba ta shiga, na san kun koma tsakiyar ruwa, shi ya sa na aika wannan ta ofishin kamfaninku.

Ina roƙonki ki zauna ki karanta ta.

Ban ce a riƙa yi safe da yamma ba. Na ce dutsen na gaske ne, kuma yana riƙe zafi. Wannan bayani ne a kan dutse, ba izini ba ne a kan ƙafa.

Mun je asibiti. Na yi wa likita tambayar da na riƙe. Ya sa Baffa ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zaren roba, yana cewa ya faɗa idan ya ji. Baffa ya yi shiru, ya yi shiru, can ya ce, "Likita, in ka shirya ka fara." Alhali an gama ƙafar dama. Likitan ya ce sukari ya kashe jijiyoyin ji na ƙafafun, kuma irin wannan ƙafar tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba, idan ta ƙone kuma ba ta saurin warkewa. Ya ce baya babu laifi idan ɗumin kaɗan ne, amma kada abu mai zafi ya kusanci ƙafa.

A iya fahimtata, matsalar ita ce ma'auni biyu ne kawai a ɗakin nan, kuma dukansu ba sa aiki. Na farko hannun Goggo, wanda tun kafin a haife mu yake sauke tukunya ba tsumma. Na biyu bakin Baffa, wanda ke ba da labarin ƙafar da ba ta gaya masa komai.

Na faɗa wa Goggo. Ta ce, "Ai 'yarsa ta bugo, ta ce kai da bakinka ka ce na gaske ne."

Na ce, "Dutsen nake nufi, Goggo."

"To na gaske ne ko na ƙarya?"

"Na gaske ne."

"Shi ke nan. Matsa mini in wuce, ruwana zai huce."

Na sayo abin haɗa waya na kunna tukunyar lantarkin, domin tana da ma'aunin da ke tsayar da zafi. Goggo ta tsoma yatsa ta ce wannan ruwan wankan jariri ne, ta koma kan gas. Daga nan na kwashe ƙananan duwatsun na sa a jakata. Ina bakin ƙofa Baffa ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, abin da 'yata ta aiko mini daga tsakiyar ruwa, shi ka sa a jaka? Je ka koyar da 'ya'yan mutane, ka bar mini ƙafata." Na mayar. A gidan nan na tashi tun rasuwar mahaifina, kuma har yau ban koyi yadda ake ce wa mutumin nan a'a ba.

Ba takardar tallan da ke cikin kwali suke bi ba, ba likita ba, ba ni ba. Ke suke bi. Mai yiwuwa kalma ɗaya daga gare ki ta wadatar. Ki kira Goggo ko ki rubuto da hannunki cewa a bar ƙafa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ƙaninki.

*

Farfesa,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Ban tambayi taka ba don na ga ƙarfinka ya kawo, har kana kwashe kayan mutane.

A jaka! Ka sa kyautata a jaka kamar kayan sata, a gaban Baba. Ka san yadda na ɗauko kwalin nan a kai daga jirgi zuwa gidan waya, ana ruwa? Kai kana zuwa duk Asabar, ka zauna, ka sha shayi, ya gan ka, ka gan shi. Ni me nake da shi? Hannuna ba ya kaiwa bayansa. Abu ɗaya na samu da zai taɓa jikinsa a madadina, shi ne ka kira "takardar talla".

Kuma in abin ya kai yadda kake faɗa, me ya hana ka faɗa tun farko? Ka cika mini shafi da aman wuta, ka zo can gindin wasiƙa ka ce "wata 'yar tambaya". Ko a wannan ma, "a iya fahimtata", "mai yiwuwa". Mutum in gidansa ya kama wuta ba ya cewa mai yiwuwa. Likitoci kuwa na san su, da za a bi tasu ko gishiri ba za a lasa ba.

Na kira Goggo kafin mu tashi. Ta ce ana samun ci gaba, har Baba ya ce ta gaya mini ya fara jin ɗumi-ɗumi a yatsunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa zan yarda da shi, mai ƙafa ko mai jaka?

Amma don kada ka ce na ƙi ji, zan tambayi Madam, shugabar ɗakin tausa, idan na samu ta sarara. Matar ba ta da lokacin masu wanki, sai na yi dabara. Kafin nan kada ka ƙara taɓa mini duwatsu.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Baffa yana asibiti. Babu "mai yiwuwa" a wannan wasiƙar.

Aikin jarrabawa ya hana ni zuwa Asabar ɗin da ta gabata. Da na zo ta wannan makon, tun daga ƙofar ɗakin ɗinki na ji wari. Yana zaune yana jin rediyo, da safa a ƙafar dama. Na ce zan duba. Ya ce in duba mana, ai ƙafar ta kusa komawa aiki. Safar ta manne. Da ruwa na jiƙa ta kafin ta fita. Tsakanin ƙananan yatsun duk ya ƙone, biyu sun yi baƙi, tafin ƙafar ya kumbura.

Ya leƙa ya gani, ya ce, "Wannan tawa ce?"

Goggo ta ce ta ga bororo tun kwanaki, ta shafa mai ta sa masa safa, ta ci gaba da ta hagu kaɗai, domin ya ce ba ya ciwo.

Ɗumin da ya ce miki yana ji, na tambaye shi a kan gadon asibiti. Ya ce, "To me zan ce wa yarinya? In ce kayanta ba su yi ba?"

Suna ba shi magani ta jijiya. Likitan tiyata ya ce yatsun biyu ba za su tashi ba. Abin da suke ƙoƙari a kai yanzu shi ne sauran ƙafar. Zan rubuto da zarar an yanke shawara.

Ƙaninki.

*

Farfesa,

Salam. Ina lafiya. Ban samu amsarka ba, na san fushi kake, ka ajiye shi gefe tukuna.

Na tare Madam jiya a wurin ninke tawul. Da na ce mata sukari, na ce ba ya jin ƙafarsa, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce su ko kusa ba sa ɗora wa irin wannan ƙafar dutse. Ta tambaye ni wa ke auna zafin ruwan.

Na kira Goggo daga tashar nan har kuɗin wayar ya ƙare, a kashe take. Taka ma ba ka ɗauka ba. Don Allah ka karanta mata wannan, ka nuna mata rubutuna:

Goggo, ni ce. A bar ƙafar Baba. Kada dutse ya ƙara taɓa ta, ko mai sanyi ne. Baya kaɗai, kuma Farfesa ne zai taɓa ruwan.

Ƙananan kuma ka mayar da su jakarka. Ka rubuto mini ka ce lafiya.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na san zuwa yanzu wasiƙata ta asibiti ta iso gare ki, kuma na san yadda ta same ki. Tawa da taki sun yi saɓani a hanya. Ranar da kika kira ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, wayar tana cikin mota.

An cire yatsu biyu na ƙarshe. Sauran ƙafar ta tsira. Likita ya ce raunin yana cikowa a hankali, kamar yadda ya saba ga masu sukari, kuma kullum sai an duba ƙafafun biyu da ido, tunda su ba za su kawo ƙara ba. An sallame shi. Na kwaso littattafaina na dawo gida, a ɗakin ɗinki nake kwana, daga nan nake zuwa aiki.

Takardarki ta zo bayan mun dawo. Na yi tunanin in bar ta, tunda ihu ne bayan hari, amma kin ce in karanta, na karanta. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta karɓa ta duba rubutun, ta ce, "Nata ne." Ta shiga kicin ta daɗe. Tun daga ranar ba ta yarda ta taɓa duwatsun, ko ƙurarsu ba ta sharewa. Tana cewa ita ta dafa ƙafar ƙaninta. Baffa yakan ce mata, "Ke tsohuwa, yatsu goma me na yi da su? Takwas ma sun yi mini yawa." Ba ta dariya.

Kin ce na ɓoye maganar a gindin wasiƙa. Haka ne. Ba zan tsawaita a kan wa ya ce me ba, kowannenmu ya san nasa.

Shi da kansa ya nemi a ci gaba da na baya. Ni nake yi, da tukunyar lantarki, ina gwada kowane dutse a tsintsiyar hannuna. Ya ce hannuna kamar na mai neman allura a yashi, amma yana barci. Ya ce in gaya miki bayansa ya gode.

Jiya da yamma ya ce a buɗe keken. Na cire murfin, na sa mai, Goggo ta zura masa zare ta koma kicin, ta ce ba za ta iya kallo ba. Ya ɗora ƙafar hagu a kan mataki, ya ɗinka gefen wani ƙyalle daga wannan kai zuwa wancan, layin kuma ya miƙe. Goggo ta ji ƙarar daga kicin, ta fito da ludayi a hannu, tana cewa, "Tela ya tashi! Tela ya tashi!" Daren jiya ne ta fara cin abinci sosai.

Ki kula da bayanki. Ki riƙa zama kafin ki buɗe wasiƙa.

Ƙaninki,
Farfesa, tunda kin ƙi barin sunan.

Gyara ɗaya. Na rubuta cewa ya ɗora ƙafa ya ɗinka. Ya ɗora ƙafar, kuma shi ya riƙe ƙyallen, amma matakin bai motsa masa ba. Ni na durƙusa a gefe ina juya babbar tayar keken da hannu. Ya sani, bai dube ni ba, ya dai ce in rage sauri a wurin lanƙwasa. Kafin Goggo ta fito na miƙe, ba ta sani ba. Idan kin kira ta, ki bar ta da nata labarin.